Ruwan Turai a Kuben Kano: Nazari a kan Tsofaffin Takubban Mahaya da Zancen Asalinsu na Sifaniya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ranar Hawan Nasarawa ya ga hakimai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya da tawagoginsu, ba zai rasa lura da takubban da suke rataye a kafaɗun mahaya ba. Galibin 'yan kallon da sukan yi tururuwa daga Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro, hankalinsu yakan tafi ne wajen doki da kayan adonsa, da rawani da alkyabba, domin su ne ido yake fara kamawa. Takobi kuwa yana cikin kube, ba a ganin komai nasa sai ƙota da hamila. Yawancin waɗannan takubba sababbi ne, maƙeran yau ne suka ƙera su, sau da yawa da ƙarfen sifirin mota, don ado kawai. To amma a cikinsu akan sami 'yan kaɗan waɗanda suka girmi kakan mai rataye da su, kuma akwai irinsu da ba sa fita ko da ranar salla, suna ajiye a cikin adaka a gidajen da suka gaje su.

Idan aka tambayi mai irin wannan takobi asalinsa, yakan ce daga Gabas aka zo da shi. Wani lokaci kuma, musamman a bakin masu cinikin kayan tarihi, akan ji an ce takobin na Sifaniya ne, ƙirar birnin Toledo, irin wanda sojan doki na can suka yi yaƙi da shi. Wannan magana tana ƙara wa takobi kuɗi, saboda haka tana da saurin karɓuwa ga mai sayarwa da mai saye baki ɗaya. Wannan maƙala za ta duba gaskiyar da ke cikin zancen. Za a bi hanyar da ƙarfen Turai ya biyo ya iso Kano, a bayyana yadda takobin sojan dokin Sifaniya yake, sa'an nan a duba halin da waɗannan kayan gado suke ciki a hannun magada.

Sunaye da sassa

Kalmar takobi ita ce gama-gari, kuma tana kama da sunan da Buzaye suke kiran nasu, watau takoba. Akwai kuma kansakali, wanda aka fi ji a bakin maroƙa da masu kirari. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya kawo sunaye da dama da mayaƙa suke bambanta takubba da su. Daga ciki akwai fate-fate, watau mai faɗi. Da dunhu, wanda babu zane a jikinsa. Da tamogashi, mai layi uku. Da tama, watau na araha wanda aka yi da ƙarfen gida. A cikin masu lanƙwasa akwai bisalami da almulku da hindi. Akwai kuma lafaranji. Mai nazarin harshe zai lura da sunaye biyu na ƙarshe. Hindi yana nuna ƙasar Hindu, lafaranji kuma da alama daga kalmar Larabci ta faranji ya fito, wadda Larabawa suke kiran mutanen Turai da ita. Ke nan harshen kansa ya riga ya ba da shaidar cewa Bahaushe ya daɗe da sanin wasu takubbansa baƙi ne.

Dole ne a rarrabe sassan takobi tun daga nan, domin duk ruɗanin da ake samu daga rashin rarrabewar yake tasowa. Akwai ruwan takobi, watau ƙarfen da yake da kaifi da tsini. Akwai ƙota, inda ake riƙewa, tare da ƙarfen da ya gitta yana tare hannu. Akwai kube, sa'an nan akwai hamila wadda ake rataya shi da ita a kafaɗa. Waɗannan abubuwa huɗu ba lalle ne su zama sa'o'in juna ba, kuma ba lalle ne su fito daga ƙasa ɗaya ba. Ruwa yana iya yin shekara ɗari biyu, alhali an sake masa ƙota sau uku, kube kuwa ba a san adadi ba.

Hanyar Sahara

Kano ba baƙuwar ƙira ba ce. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano kuma ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Amma narka tama daban, fitar da dogon ruwa mai tauri wanda zai lanƙwashe ya koma daidai ba tare da ya karye ba shi ma daban. Wannan aiki yana bukatar ƙarfe mai tsabta da gwanintar sarrafa wuta, kuma shi ya sa ruwan da aka kawo daga ƙetare ya riƙa tsada a duk faɗin ƙasashen Sudan. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ta Andalus, ya faɗa a littafinsa da aka buga a 1550 cewa a kasuwar Gawo takobin Turai da ba shi da wata daraja a can gida yakan kai dinari uku ko huɗu.

Bayanai biyu mafi muhimmanci game da Kano sun zo ne a ƙarni na 19. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a farkon 1824, ya ga takubba miƙaƙƙu masu faɗi a hannun mahaya. Abin da ya rubuta shi ne daga tsibirin Malta ake kai ruwan Bingazi, a ƙetare hamada da shi zuwa Barno, daga nan ya shigo ƙasar Hausa, a Kano kuma a yi masa ƙota da kube. Ya ɗauka takubban mayaƙan Malta ne na da, wanda masana na baya suke ganin zato ne kawai, amma hanyar da ya bayyana ta fatauci ce sananniya. Heinrich Barth kuwa, wanda ya zo a 1851, ya fi shi lura. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ake shigowa da shi Kano kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1,000, kuma ya ce kusan duk waɗanda ya gani, har ma a hannun Buzayen wajen Tambutu, ƙirar Solingen ne ta ƙasar Jamus. Ya ƙara da cewa kaɗan ne suke tsayawa a ƙasar Kano. Sauran ana haɗa su ne a sake fita da su zuwa Azbin da Nufe da Barno, kuma wannan haɗi yana kawo wa mutanen gari riba mai yawa.

Ko da an rage wani abu daga ƙiyasin Barth, domin ƙiyasi ne na baƙo wanda bai ga littafin kowane fatake ba, maganarsa ta nuna matsayin Kano sarai. Birnin ya zama wurin da ake mayar da guntun ƙarfen Turai ya koma makamin ƙasar Sudan. Larabawan Gadamas da Turabulus suke kawo ruwan a ɗaure cikin kaya, maƙeran baƙi su gyara shi su wasa, maƙeran fari su yi wa ƙota ado da tagulla ko azurfa, dukawa su ɗinka kube da jar fata ko koriya, masu saƙa su yi hamila. Takobi ɗaya yakan bi ta hannun masu sana'a huɗu ko biyar kafin ya isa Kasuwar Kurmi. Abin lura a nan shi ne, a lissafin Barth wuri 2,500 ne suke daidai da dalar azurfa ɗaya ta Sifaniya. Watau kayan Sifaniya da babu shakka an san shi a kasuwar Kano ta wancan zamani kuɗinta ne, ba takobinta ba.

Toledo da Solingen

To daga ina zancen Sifaniya ya samo tushe? Ruwa ba ya tsami banza. Birnin Toledo, wanda Larabawan Andalus suke kira Ɗulaiɗila, ya shahara da ƙirar takobi, musamman a ƙarni na 16 da na 17. Maƙeransa sukan sa taushin ƙarfe a tsakiya, su lulluɓe shi da ƙarfe mai tauri ta fuska biyu, su haɗe su a wuta. Taushin ciki yana hana karyewa, taurin waje yana riƙe kaifi. Kafin ruwa ya bar maƙera akan tanƙwara shi sosai a ga ko zai miƙe da kansa, akan kuma sare shi a kan ƙarfe. Sunayen wasu maƙeran birnin, kamar Sahagún da Tomás de Ayala da Sebastián Hernández, sun zama tamkar hatimin nagarta a duk ƙasashen Turai.

Shaharar ce ta jawo kwaikwayo. Maƙeran Solingen, waɗanda suke da ƙarfin samar da ruwa da yawa cikin araha saboda injinan da ruwan kogi yake juyawa, sai suka riƙa buga sunayen maƙeran Toledo da alamominsu a jikin nasu kayan, wani lokaci ma da kuskuren rubutu. Har wani take na harshen Sifaniya da ya yi yawa a jikin takubban ƙarni na 18, wanda yake gargaɗin mai takobi kada ya zare shi babu dalili, kada kuma ya mayar da shi kube babu mutunci, akasarin ruwan da ke ɗauke da shi a Jamus aka ƙera shi don kasuwar Sifaniya da ƙasashen da take mulka a Amurka. Saboda haka tun a Turai ɗin ma, ganin rubutun Sifaniya a jikin ruwa bai isa hujja ba.

Da ƙarfen ya iso Sahara sai aka ƙara wani kwaikwayon a kan na farko. Alamar da ta fi yawa a jikin takubban Buzaye da na Hausawa ita ce ta jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Wannan alama tana da asali a Turai, an san ta a Toledo, an kuma san ta a Solingen. Akwai kuma alamar dabba mai gudu, wadda asalinta kyarkeci ne na birnin Passau, da alamar ƙwallo mai gicciye a kansa, da ta zaki. Mai saye ya saba ganin waɗannan alamomi a jikin ruwa mai kyau, saboda haka ya riƙa nemansu, maƙeran gida kuma suka sassaƙa hatiminsu suka riƙa bugawa a jikin abin da suka ƙera. Lloyd Cabot Briggs, wanda ya wallafa nazari a 1965 a kan ƙarfen Turai da ke jikin takubban Buzaye, ya nuna akwai tsofaffin ruwan Turai na gaske a cikinsu, ya kuma nuna yadda aka yi ta kwafar alamomin a Afirka. Jinjirin watan da ke jikin takobin wani gida a Hotoro yana iya zama aikin maƙerin Agadas ne, wanda ya kwaikwayi Bajamushe, wanda shi kuma ya kwaikwayi mutumin Toledo. Kama da wane ba wane ba ne.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin aibi ga maƙerin gida ba. A wurinsa da wurin mai saye alamar ta riga ta bar ma'anarta ta Turai, ta zama wani ɓangare na kamannin takobi, kamar yadda aska take a jikin babbar riga. Wanda ya cancanci zargi shi ne mai ciniki na yau wanda ya san bambancin ya ɓoye.

Akwai wata alaƙa ta tarihi da akan kawo don ƙarfafa zancen, watau yaƙin Tondibi na 1591, inda rundunar Maroko ta karya daular Sanwai. Gaskiya ne jagoran rundunar, Judar Basha, haifaffen Sifaniya ne, kuma da yawa daga cikin sojojinsa 'yan asalin Andalus ne. Amma da bindiga suka ci wannan yaƙi, kuma a bakin Kwara ta yamma suka zauna, nesa da Kano.

Takobin sojan doki na Sifaniya

Takobin soja ya bambanta da na fatauci ta wata babbar fuska: gwamnati ce take tsara fasalinsa, ta ba shi shekara, a ƙera dubbai iri ɗaya. A 1761 Sarki Carlos na Uku ya kafa masana'antar makamai ta gwamnati a Toledo don ya farfaɗo da sana'ar da ta kusa mutuwa, kuma daga nan ne akasarin takubban sojan Sifaniya suka riƙa fitowa har zuwa ƙarni na 20. An rufe masana'antar a 1996, gine-ginenta suka koma harabar jami'a.

Masu tara waɗannan takubba a Turai da Amurka da shekarar fasali suke kiransu. Fasalin 1728 miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ƙotarsa tana da faifan ƙarfe biyu masu kama da ɓawon kawa suna rufe hannu. A ƙarni na 19 an yi masu lanƙwasa don mahaya marasa nauyin kaya, kamar fasalin 1860 da na 1895. Na ƙarshe da ya shahara shi ne fasalin 1907, wanda ake kira Puerto Seguro da sunan basaraken da ya tsara shi. Miƙaƙƙe ne siriri, an yi shi don suka, ƙotarsa kuma tana cikin wani ƙoƙon ƙarfe da ya rufe hannu gaba ɗaya. Zamaninsa ne zamanin yaƙin Sifaniya da mutanen Rif a arewacin Maroko, inda a watan Yuli na 1921, bayan karyewar sojan Sifaniya a Anwal a hannun mayaƙan Abdulkarim al-Khaɗɗabi, rundunar doki ta Alcántara ta yi ta kai hari don ta kare masu gudu har kusan ta ƙare.

Gane irin wannan takobi ba shi da wuya ga wanda ya san abin da zai duba. A gindin ruwa, ko a gadon bayansa, akan sami sunan masana'antar Toledo da shekarar ƙira a buge da kyau, haruffa daidai wa daida. Akan sami lambar makami a ƙota da kuma a kube. Kuben kansa a fasalolin baya na ƙarfe ne, yana da zobe na ratayawa a ɗamara. Idan aka sami takobi cikakke mai waɗannan siffofi a wani gida a Kano, abin da ya fi kusa da hankali shi ne a zamanin nan ya shigo, ta hanyar tsaraba ko kyauta ko saye, domin fataken Sahara ruwa tsirara suke kawowa. Sa'an nan har yanzu shagunan Toledo cike suke da takubban ado da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Suna ɗauke da sunan birnin, amma ba su taɓa shiga hannun soja ba, kuma ba a yi su don sara ba.

Bambancin aiki

Siffar makami tana bin yadda ake yaƙi da shi. Barden ƙasar Hausa da mashi yake fara karo, takobi sai an cakuɗe. Yana da garkuwa ta fata a hannun hagu, in ɗan lifidi ne kuma shi da dokinsa suna cikin auduga. Tun da garkuwa ce take tare sara, hannun dama ba ya bukatar rufi mai yawa, shi ya sa ƙotar takobin Hausa gajera ce, ɗan ƙarfe ne kawai ya gitta. Tsinin ruwan ma sau da yawa a zagaye yake, domin sara ake yi da shi. Sojan dokin Turai na ƙarni na 18 da na 19 kuwa ya riga ya ajiye garkuwa, takobinsa shi ne makaminsa, shi ne kuma abin kariyarsa, don haka aka rufe masa hannu da ƙarfe. Shi a ɗamara yake rataya nasa. Bahaushe a kafaɗa yake ratayawa da hamila, malamai kuma suna danganta wannan da sunna.

Wani abin sha'awa shi ne Sifaniya da kanta ta ari hawan doki daga Afirka. Kalmarsu ta mahayi, jinete, daga sunan ƙabilar Zanata ta Barbar ta fito, waɗanda suka yi wa sarakunan Garnaɗa aikin soja. Takobin da ake dangantawa da sarkin Garnaɗa na ƙarshe, Abu Abdullahi, yana gidan tarihin soja da ke Toledo, kuma miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu. An ci Garnaɗa a 1492, sa'ad da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano.

Daga fagen fama zuwa fagen hawa

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano. A ƙarshen wannan wata mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da su a Kwatarkwashi, suka yi ta kai hari a kan dawaki da masu da takubba, bindiga tana zubar da su, Waziri kuma ya rasu a wurin. Daga nan aikin takobi na yaƙi ya ƙare. Fataucin Sahara shi ma bai daɗe ba, domin a 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta afka wa Turabulus.

Abin da ya raya takobi bayan haka shi ne hawa. Baya ga hawan salla da aka gada, Turawan mulki sun shirya manyan hawan daba, kamar na Kano a 1913 da 1925, da na Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila. An kuma sake yin wani a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. A wajen jafi mahaya sukan zaburo dawaki su ja linzami a gaban sarki suna ɗaga makami, wanda a da gwajin shirin yaƙi ne, yanzu kuma gaisuwa ce. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin takaici, a Babbar Sallar 2024 da sallolin 2025 'yan sanda sun hana hawan a Kano saboda dalilan tsaro da ke tattare da rigimar sarauta. Duk shekarar da ba a hau ba, takobi yakan kwana a adaka ba a duba shi ba, yaran gida kuma su tashi ba su ga ana rataya shi ba.

A fadoji kuwa akwai takubban da darajarsu ta wuce ta ado. Katsina tana da Gajere, wanda ake dangantawa da Muhammadu Korau, Daura kuma tana da wanda ake dangantawa da Bayajida. A. D. H. Bivar ya bi fadojin Arewa ya nazarci irin waɗannan takubba da sulkuna, ya wallafa sakamakon a 1964. Waɗannan suna da masu tsaronsu. Na gidajen talakawa da na zuriyar barade da bayin sarki su ne suke cikin hatsari.

Tarawa da adanawa

Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi a da ƙauyuka ne da gonaki a wajen ganuwa. Da birni ya cika ya tumbatsa, iyalai da yawa suka fito suka yi gini a kan hanyar Zariya da hanyar Maiduguri, suka taho da kayan gadonsu. Amma sau da yawa kayan ne suka taho, labarinsu ya tsaya a tsohon gida tare da tsohuwar da ta san shi. Idan aka zo rabon gado, takobi ba ya rabuwa kamar gona, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a yi masa kuɗi a sayar. Nan ne mai ciniki yake samun shiga. Ga magada zai ce tsohon ƙarfe ne mai tsatsa, ga mai saye kuma ya ce na Toledo ne. Da zarar takobi ya bar gidansu ba tare da labarinsa ba, ya zama ɗaya daga cikin dubban irinsa da ke yawo a kasuwannin gwanjon Turai, an rubuta masa "Afirka ta Yamma" kawai.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba, ko da yake kaɗan ne suka san ta. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sanya aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, haka kuma abin da yake da muhimmancin tarihi wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ta hana sayar da irin wannan kaya ga kowa sai wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fita da shi ƙasar waje sai da izini. Wanda yake son a duba masa abin da ya gada yana iya tuntuɓar ma'aikatan Gidan Makama, inda kuma zai ga tsofaffin kayan yaƙin Kano ya kwatanta da nasa. Haka nan ya kamata a tuna cewa takobi makami ne. Ratayawa a cikin tawagar hakimi daban, yawo da shi a unguwa ko wajen kilisa daban.

Ɓarnar da ta fi yawa ma ba ta mai ciniki ba ce, ta mai kyakkyawar niyya ce. Ana gobe hawa sai a ɗauki tsohon takobi a kai wa mai injin wasa wuƙa ya goge shi ya yi ƙyalli. Cikin minti biyar dutsen injin zai cinye jinjirin watan da rubutun da suka tsira shekara ɗari da hamsin, zafinsa kuma yana iya kashe taurin kaifi. Wasu sukan kai a shafa masa farin ƙarfe irin na bamban mota, wanda ya fi wancan muni. Baƙin da ya kwanta a jikin tsohon ƙarfe ba cuta ba ne, a bar shi. Jar tsatsa mai tashi ita ce take ci, ita ma da tsumma da ɗan man keken ɗinki ake bin ta a hankali. Bayan an taɓa ruwa da hannu sai a goge, domin gumi yana da gishiri. Da damina fata takan sha danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfe, saboda haka ya kamata a riƙa zare takobi ana dubawa, a kuma nisanta shi da ƙasa da jikin bango saboda gara. Da hunturu kuma fatar takan bushe ta tsage in an bar ta a sarari.

Game da hawa da tsohon takobi, abin da ya fi dacewa shi ne a rataya shi in ana so, amma kada a zare shi ana wulwulawa a kan doki. Wutsiyar ruwa da ke cikin ƙota ita ce inda tsatsa take ɓuya, ba a ganinta sai ta karye, ruwan kuma ya tafi cikin jama'a. Sabon takobin da maƙeri ya yi jiya ya ishi jafi.

Saura kube, wanda shi ne aka fi yi wa rashin adalci. Mai takobi yakan ɗauka ruwan ne kaɗai abin daraja, sai ya yar da tsohon kuben da ya kwaɗe ya sa a ɗinka masa sabo mai walƙiya. Alhali kuwa ruwan, in na Solingen ne, yana da 'yan'uwa dubbai daga Maroko har zuwa bakin Nilu, kuben da ƙota su ne suke ɗauke da hannun badukun Kano da maƙerinta, da irin jima da rini da zanen da ake yi a wani zamani. In an yi sabo don fita, sai a naɗe tsohon cikin farin ƙyalle a ajiye shi tare da takobin. A haɗa da takarda wadda aka rubuta sunan wanda ya fara mallakarsa, da sarautar da ya riƙe ko ubangidan da ya bi, da yaƙi ko hawan da aka ce ya halarta, da sunan dattijon da ya ba da labarin da ranar da ya bayar. A ɗauki hoton alamomin da ke jikin ruwa ta fuska biyu, a auna tsawonsa da faɗinsa a rubuta a ƙasan takardar.